Wai meye ainihin aikin Majalisar Wakilai tunda ga sanatoci?

Ummu Khalil: Salam yan uwa, dan Allah a fahimtar da ni. Jiya ɗana yana haddar darasin makaranta ya tambaye ni me yasa muke da majalisa biyu a Abuja, wlh na kasa bashi amsa. Ni dai na ga sanatoci ne ke tantance ministoci, to su yan majalisar wakilai 360 ɗin nan me suke yi?

Malam Sabo: Wa alaikumus salam Hajiya. Bambancin yana wajen rabon kujeru ne. Majalisar dattawa kowace jiha sanata uku ne ko babba ko ƙarama, sai Abuja ɗaya, shi ya ba da 109. Ita kuwa ta wakilai da yawan jama'a ake rabawa, shi yasa Kano ke da 24 Legas ma 24 amma Bayelsa 5 kacal, kenan a nan ne ake jin nauyin yawan mutane. Kuma ba dokar da za ta kai teburin shugaban ƙasa sai duka biyun sun amince, in yaƙi sa hannu cikin kwana 30 sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa su sake zartarwa ta zama doka ko baya so, haka aka yi wa Obasanjo kan dokar NDDC, hukumar raya yankin Neja Delta, a 2000.

Ɗan Tudun Wada: Malam ka tsallake maganar kasafin kuɗi, a nan ƙarfin yan majalisar wakilai yake ai. In majalisun biyu suka saɓa kan kasafi kuma kwamitin haɗin gwiwa ya kasa sasantawa zaman haɗaka ake yi a kaɗa ƙuri'a, to 360 da 109 wa zai rinjayi wa? Sannan ni bana manta Janairun 2012 lokacin cire tallafin mai, muna zaune a shagon mai shayi kowa ya kasa kunne a rediyo, Tambuwal, kakakin majalisar wakilai na lokacin, ya kira zaman gaggawa ranar Lahadi suka nemi Jonathan ya dakatar da ƙarin. Ranar na ji cewa lallai akwai masu magana da yawunmu.

Hauwa'u: Gaskiya ne, amma tamu ba ta kai ta Ingila ƙarfi ba. Can ƙaramar majalisa ce ke fitar da firaminista kuma ita ke iya kayar da gwamnati, ta sama iyakarta ta jinkirta doka, in ta kuɗi ce ma wata ɗaya kawai tun 1911. Mu tsarin Amurka muka ɗauko shi yasa kusan kunnen doki suke.

Ummu Khalil: Allah ya saka da alheri, yanzu na gane. Malam Sabo wai da gaske ne ɗan shekara 25 zai iya tsayawa takarar wakilai?

Malam Sabo: Ƙwarai Hajiya, tun 2018 da Buhari ya sa hannu aka rage daga 30 zuwa 25, sanata ne dai har yanzu sai ya kai 35.