Abin da tsofaffin masu sauraron gajeren zango suka ba da shawara a kai

Da aka tambayi waɗanda suka daɗe da rediyo inda za a nemi taimako a intanet, kusan bakinsu ya zo ɗaya: a fara da jadawali. Tashoshin duniya na sauya mitoci sau biyu a shekara, ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, shi ya sa mutum kan murɗa inda ya saba ya ji shiru. Shafin short-wave.info ya fi sauƙi: ka zaɓi Hausa, ko ka rubuta lambar da kake kai, ya faɗa maka wace tasha ce. Jadawalin EiBi, wani jerin tashoshi da mitocinsu a intanet, ya fi cika, sai dai yana son haƙuri. A kula, dukkansu da agogon GMT ake rubuta su. Najeriya da Nijar su ƙara awa 1, Ghana kuwa daidai take.

Wanda ya fi burge ni shi ne WebSDR na Jami'ar Twente a ƙasar Holan, wato rediyon da ake saurare ta intanet, da irinsa na'urorin KiwiSDR da mutane suka buɗe kyauta. Daga wayarka za ka murɗa rediyon da ke wata nahiya. Idan tashar na fita can amma ba ta fita a ɗakinka, to mai yiwuwa matsalar a gida take: yawanci cajar waya ce, ko inbata, ko ƙwan fitilar LED ke cika akwatin da ƙara. Kashe su, ka ɗaura doguwar waya a eriya ka fitar ta taga.

Da rana a nemi mita 16 da 19, da dare a koma 31, 41 da 49.