'Yan Nostik sun ƙi annabawan Isra'ila baki ɗaya ne?

Bitrus: Ni dai ina nan kan bakana, 'yan Nostik ɗin nan, ƙungiyoyin addini na farkon zamanin Kiristanci masu da'awar ilimin asiri, ba su ga annabawa da gashi ba. A littattafan da aka tono a Nag Hammadi ta Masar a 1945 akwai wanda ake jingina wa Shitu ɗan Adamu, ya jero Adamu, Ibrahim, Dauda, Sulemanu har da Musa, ya ce duk abin dariya ne. Me ya rage?

Malam Sani: Wa'iyazu billahi! To wa suka ce ya aiko su?

Bitrus: Wani ƙaramin mahalicci jahili, Yaldabawot. Ayar Ishaya ɗin nan, "Ni ne Allah, babu wani," a bakinsa suka sa ta, wai cika baki ne na wanda bai san da na sama da shi ba.

Rifkatu: Yaya Bitrus, ka ɗauki ɗaya ka yi wa kowa kuɗin goro. A cikin littattafan Nag Hammadi ɗin nan dai aka samu littafin da ke bayanin halin rai, wanda ya jawo Irmiya da Yusha'u da Ezekiyel a matsayin hujja, ya ce Ruhu Mai Tsarki ne ke magana. Wanda ka raina ba ka kafa hujja da shi.

Bitrus: Linjilar Toma fa, magana ta 52? Almajirai suka ambaci annabawa 24, Yesu ya ce musu sun bar Rayayye a gabansu suna zancen matattu.

Rifkatu: Almajiran aka tsawata wa. Kuma duba Bishop Ireniyus, abokin gabar 'yan Nostik, wajen shekara ta 180. Ya ce wata ƙungiyarsu ta rarraba annabawa ga masu mulkin sammai bakwai, Musa da Amos na Yaldabawot, Ishaya da Daniyel na Adonai, amma Sofiya, wato Hikima, ta riƙa cusa nata saƙon ta bakinsu.

Malam Sani: Malama, wato sun mai da annabi kamar mai shela da bai san abin da ke cikin takardar da ya riƙo ba. Wannan ai ba girmamawa ba ce.

Rifkatu: Ban ce girmamawa ba, Malam. Cewa sun ƙi su baki ɗaya nake musantawa. Tolomi ma, wani malaminsu, a wasiƙarsa ga wata mata Filora kashi uku ya yi wa Attaura: na Allah, na Musa, na dattawa. Hukuncin saki ya ce na Musa ne, saboda taurin zuciyar jama'a.

Bitrus: Kuma Allahn da Tolomi ke nufi a nan ba Uba na sama ba ne, wani ne na tsakiya. Ki gama karanta wasiƙar tukuna.