Butkam ɗin DeFi na sati shida a Kano: in biya ko in haƙura?

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar nan da gaske, ban da masu turo mana tallan mayinin don Allah.

Na gama karatun kwamfuta a BUK, ina jiran hidimar ƙasa. Kafin nan ina taya yayana zama a shagonsa na Farm Centre, ni ke yi wa mutane filashin da saka manhaja a waya. JavaScript na iya daidai gwargwado, har na taɓa haɗa wa wani mai yadi a Kantin Kwari ɗan shafin da yake ɗora hotunan kayansa. To wasu ne suka buɗe butkam, wato kwas ɗin koyon kod na gaggawa, nan cikin gari, sati shida, naira dubu 180. Wai za su koyar da gina manhajojin DeFi, wato na hada-hadar kuɗin kirifto ba tare da banki ba, a kan Ethereum, a ƙarshe a yi hakaton, wato gasar gina manhaja cikin ɗan lokaci, a raba satifiket, kuma a tallansu sun rubuta cewa aikin dala na jiran duk wanda ya gama. Baba ya ce zai biya, amma sai na tabbatar masa abu biyu: ba irin su MMM ba ne, kuma babu kuɗin ruwa a ciki. Ni kuma gaskiya na kasa ba shi amsar da za ta gamsar da shi. Me kuka gani?

Abu Hanif:

Wa alaikumus salam ƙanina. Kada ka biya tukuna. Ni wannan aikin nake ci da shi, daga ɗakina a Hotoro nake yi wa wani kamfanin waje, don haka bari in ɗan ja ka da nisa.

Sati shida ya ishe ka ka iya rubuta Solidity, yaren da ake rubuta manhajojin Ethereum da shi, tunda kana da JavaScript ma ba za ka kai haka ba. Amma wannan ba ya cikin abin da ake biyan mutum dala a kansa. Shafin mai yadinka in ya lalace, da safe za ka gyara, babu wanda ya yi asarar ko sisi. Kwantiragi kuwa, wato kod ɗin da ka ɗora a bulokcen (rumbun lissafin kirifto irin Ethereum) yana sarrafa kuɗi da kansa, kuɗin mutane ne kwance a cikinsa, kod ɗinsa a buɗe yake kowa na karantawa, kuma in ka ɗora shi a yadda aka saba, ba ka da damar lallaɓawa da dare ka gyara. Duk ɓarawon duniya da ya iya karatu yana da damar zama ya yi ta nazarinsa har ya samo ƙofa.

Ka duba abin da ya sami The DAO, wani asusun jari na haɗaka a kan Ethereum, a 2016. A wajen fitar da kuɗi, kod ɗin ya fara tura wa mutum kuɗinsa, sannan daga baya ya rage masa a lissafi. Jerin layi biyu ke nan kawai. Sai wani ya rubuta nasa kwantiragin da, da zarar kuɗin sun shigo masa, kafin a kai ga layin ragewa, zai sake kiran wajen cirewar. Lissafi bai canza ba, sai a sake biyansa. Ya yi ta zagayawa har ya kwashe kusan ETH miliyan 3.6, wato kuɗin Ethereum. Rigimar yadda za a yi da wannan sata ce ta raba Ethereum gida biyu, aka sami Ethereum da Ethereum Classic. Waɗanda suka rubuta kod ɗin nan ba 'yan koyo ba ne. Maganin kuma kowa ya san shi yanzu: ka duba, ka rage lissafi, sannan ka tura. Amma irin waɗannan ramukan suna da yawa, akwai na farashin da ake murɗewa da bashin nan-take, akwai na wanda ya manta ya kulle aikin da shugaba kaɗai ya kamata ya taɓa. Sanin su ne sana'ar.

To ga abin da za ka yi. Ka je wajen masu butkam ɗin ka nemi ganin malamin da zai koyar, ba yaron da ke karɓar kuɗi a tebur ba. Ka ce ya ba ka adireshin kwantiragi ɗaya da ya rubuta da hannunsa, ka buɗe Etherscan, shafin da ake duba kwantiragin Ethereum, a wayarka a gabansa. Ka nemi GitHub ɗinsa, inda masu kod ke ajiye aikinsu kowa ya gani. Sannan ka karɓi jadawalin karatun ka ga a wane sati ake fara rubuta gwajin kod da Foundry ko Hardhat. In ka ga jadawalin duk ƙirƙirar tokin ne, wato sabon kuɗin kirifto, da NFT da ɗorawa, ka yi musu sallama. Tokin irin ERC-20, shafin OpenZeppelin yana haɗa maka kod ɗinsa da 'yan danne-danne, tsakanin magariba da isha ka gama.

Kuma karatun nan kyauta yake a intanet. Cyfrin Updraft na Patrick Collins, CryptoZombies, Speedrun Ethereum. Remix, inda ake rubuta Solidity a gwada, a cikin birawuza yake aiki, ba sai ka saka komai ba. In ka ɗan yi ƙwari ka shiga Ethernaut da Damn Vulnerable DeFi, inda kai ne za ka zama ɓarawon, ka fasa kwantiragi da gangan. A gida Najeriya ma akwai Web3Bridge a Legas da ke horar da masu wannan aiki tun 2019.

Maganar aikin dala na jira kuwa, wallahi talla ce. Kamfani ba ya miƙa wa sabon hannu kwantiragin da ke riƙe da miliyoyi. Yawancinmu ta ɓangaren fuska muka shiga, wato gina shafin da mutane ke gani da React, da haɗa walat irin MetaMask da shafin. Nan JavaScript ɗinka zai yi maka rana fiye da satifiket ɗinsu.

Alhaji Na Wapa:

Yarona ka gaishe da mahaifinka, mutum ne mai hankali. Ni ban san kod ba, canji na sani, kuma USDT, kirifton da ke bin farashin dala, ya daɗe da shigowa harkarmu. Abin da zan ce maka shi ne gwamnati ba ta zauna wuri ɗaya ba a kan abin nan. A Fabrairun 2021 CBN ya hana bankuna taɓa harkar kirifto, mutane suka ga an rufe musu asusu. Disambar 2023 aka sassauta. Maris 2024 Binance, babban dandalin cinikin kirifto, ya daina hulɗa da naira. A 2025 aka sa hannu a sabuwar dokar zuba jari da ta sa kadarorin dijital ƙarƙashin SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari, kuma a shekarar ce CBEX, irin su MMM ta kirifto, ta tafi da kuɗin bayin Allah. Ka koyi iliminka, ba laifi. Amma ranar da wani ya ce ka haɗa masa manhajar da jama'a za su zuba kuɗi a riƙa ba su kaso kaza duk wata, ka gudu. Shi zai tsere, sunanka ne a jikin aikin.

'Yar Fagge:

Yaya Abu Hanif, na yarda da kusan duk abin da ka faɗa, amma ka rage wa butkam daraja da yawa. Kai ka iya zama kai kaɗai ka bi bidiyon awa da awanni na Bature mai saurin magana. Da yawanmu a sati na biyu muke watsarwa. Wurin da akwai wuta, akwai intanet, akwai wanda za ka juya ka ce zo ka ga abin da ya hana wannan tafiya, a garin nan abin biya ne. Tambayar ita ce ko na dubu 180 ne.

Hakaton kuma bari in ba ka labarin wanda muka shiga ta intanet, Ɗan Gwammaja, don ka san me ake yi a ciki. Mu huɗu ne, a falon gidan su ɗaya daga cikinmu a Tarauni. Muka ce adashi za mu gina: mutum goma su riƙa zuba tokin mai tsayayyen farashi duk sati, kwantiragi ya riƙa miƙa wa mai kwasa, babu uwar adashin da za ta ci amana. Daren ƙarshe nefa ta ɗauke, inbata na ta ƙara tana neman mutuwa, duk mun rataya a data ta wayar mutum ɗaya. Ga shi ETH ɗin gwaji na Sepolia, wato Ethereum ɗin gwaji da kuɗinsa ba na gaske ba ne, ya ƙare mana, famfon, wato shafin da ke bayarwa kyauta, ya ce sai walat ɗinmu na da ɗan ETH na gaske kafin ya ɗiga mana. Sai wani a dandalin gasar ne ya tausaya ya turo. Bidiyon nuna aikin a cikin duhu muka ɗauke shi, hasken laftof kaɗai.

Aikin ya tafi lafiya. Sai alƙali ya yi mana tambaya ɗaya: wanda ya kwashe a satin farko, in ya daina zubi fa? Falon ya yi tsit. A unguwa Hajiyar da ta kwashe ba ta isa ta gudu ba, an san gidanta, an san mijinta, za a haɗu da ita a biki. Kwantiragi adireshin walat kawai ya sani. Hanyar da DeFi ke bi ita ce jingina, ka ajiye abin da ya fi wanda za ka karɓa. To wadda take da dubu ɗari ta ajiye jingina, me zai kai ta adashin dubu ɗari? Har yau muna kan wannan tambayar, kuma ita ta koya min abin da babu kwas ɗin da ya koya min.

Ka sani kuma, yawancin kyautar hakaton daga kamfanonin da suka ɗauki nauyi take fitowa, kowanne yana son ka yi amfani da kayansa, sai ka ga mutane na cusa abin da aikinsu bai buƙata don su ci kyauta. Akwai kuma masu yawo da aiki ɗaya daga gasa zuwa gasa suna canza masa suna. Mu ba mu ci komai ba. Amma aikin na nan a GitHub ɗina, kuma shi na nuna aka ba ni aikin fuskar manhaja na farko. Manya irin na ETHGlobal suna da na intanet, ba sai ka nemi biza ba. Hakaton ɗin da butkam ya shirya wa ɗalibansa, su ne alƙalai su ne masu ba da satifiket, wannan jarrabawar ƙarshen zango ce kawai.

Malam Sagir:

Kan sharaɗin Baba na biyu. DeFi ba abu ɗaya ba ne. Aave da Compound bashi suke bayarwa da kuɗin ruwa ƙarara, mai ajiya na karɓar ƙari, mai aro na biyan ƙari, in jinginarsa ta faɗi a sayar da ita. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Uniswap, wanda Hayden Adams ya fito da shi a 2018, musaya ce. Kamar teburin ɗan canji ne da mutane da yawa suka tara masa jari na kuɗi iri biyu, lissafi ne ke tsayar da farashi gwargwadon abin da ya rage a kowane ɓangare, masu jarin kuma su raba ladan musaya, kuma suna iya yin asara. Hukuncin wannan daban ake duba shi, ga kuma saɓanin da malamai ke da shi a kan kirifto ɗin kanta. Ni ba mai fatawa ba ne. Ka ɗauki Baba ku je wajen malamin da ya yarda da shi, amma ka bayyana masa yadda kuɗin ke tafiya dalla-dalla, kada ka ce masa kirifto kawai. A BUK ɗinku ma akwai cibiyar nazarin banki da hada-hadar kuɗi ta Musulunci. Tun 2012 Jaiz ke aiki da murabaha da mudaraba a ƙasar nan, mai Solidity da ya fahimci waɗannan yana da abin ginawa.

Ɗan Gwammaja:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na je ɗazu. Malamin yana da kirki, ya nuna min tokin da ya ɗora, amma a Sepolia ne. Jadawalin babu gwajin kod ko ɗaya, tsaro kuma rana ɗaya aka ba shi a satin ƙarshe. Sai dai wurin akwai sola da intanet mai kyau, kamar yadda Anti 'Yar Fagge ta ce. Laftof ɗina RAM 4 ne, batirin ba ya awa ɗaya.

Abu Hanif:

To ka tambaye su ko suna ba da hayar kujera ba tare da karatun ba, wurare da yawa suna yi, kuma ba zai kai ko kusa da wancan kuɗin ba. Ka ce wa Baba ya ba ka na ƙarin RAM zuwa 8 da sabon batiri, a Farm Centre kake, ka fi ni sanin farashi. Ka fara Updraft daga darasin farko, duk abin da ka rubuta ka tura GitHub ko da shirme ne. Ka buɗe walat daban don gwaji, kada ka taɓa sa mabuɗin walat mai kuɗi a cikin fayil ɗin aiki, akwai manhajojin da aikinsu ke nan, sintiri a GitHub suna tsintar mabuɗan da aka manta. In ka wuce mataki biyar na farko a Ethernaut ka yi min magana ta akwatin sirri. 'Yar Fagge, ku har yanzu kuna neman mai JavaScript a aikin adashin?

'Yar Fagge:

Muna nema, na fuskarmu ya tafi hidimar ƙasa Ebonyi. Asabar bayan la'asar muke haɗuwa. Ya zo da cajarsa da abin jona wuta mai baki da yawa, soket ɗaya ne ke aiki a falon.