Me za mu kira « farines animales » da Hausa?

Jama'ar Damagaram, ina neman shawara. A takardun kiwo na Faransanci ana cin karo da « farines animales »: jini, ƙasusuwa, kayan ciki da sauran abin da aka rage a jikin dabba, a dafa, a busar, a niƙa, a zuba cikin abincin bisashe. Mai turkar rago a Birni ya san dusa da harawa, amma wannan ba shi da suna a bakinsa. Idan likitan dabbobi zai yi gargaɗi a rediyo, da wace kalma zai yi?

Dalilin gargaɗin babba ne. Wannan garin ne ya yaɗa ciwon haukan shanu da aka gano a Ingila a 1986. A 1988 hukumomin can suka hana ciyar da dabbobi masu tuƙa, irin su shanu da tumaki, da naman masu tuƙa. A 1996 aka bayyana cewa ciwon na iya kama mutum, daga 2001 kuma Tarayyar Turai ta hana ba dabbobin gona garin gaba ɗaya, kafin daga baya ta sassauta wa kifi, kaji da aladu. Dafuwa irin ta tukunya ba ta kashe abin da ke kawo cutar.

Wani ya ce « garin ƙashi ». Na ƙi shi, domin a waya mutane ba sa lanƙwasa ƙ, sai ya koma « garin kashi ». Kashin kaji kuwa da shimfiɗar akurkinsu wani abu ne daban da ake ba shanu a wasu ƙasashe, hukuncinsa ma daban. Haɗa su biyun zai rikita makiyayi. Wancan a bar shi « sharar akurki ».

« Garin nama » ya yi daɗin ji da yawa, mutum zai ɗauka ƙarin lafiya ne.

Wani dattijon mahauci ya kawo « garin mushe ». Baba, kalmarka tana da ƙarfi, duk wanda ya ji zai ja da baya. Sai dai yawancinsa daga dabbar da aka yanka yake fitowa, kuma ranar da mai saye ya gane haka zai daina yarda da gargaɗin.

Ni na tsaya kan « garin ragowar dabba ». Ya ɗauki mushe, ya ɗauki yanka, kuma zai shiga takardar doka: an hana ba shanu, tumaki, awaki da raƙuma garin ragowar dabba. Tsawonsa ne kawai ya dame ni. Makiyayan Tanut da Gure, ko kuna da wadda ta fi shi gajarta?