Teburi mai taya da kabad ɗin abin sha: abin da muka gani a gidajenmu na Kumasi

Mai tambaya, daga Aboabo:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Azumi yana matsowa, kuma bara na sha wahalar jigilar sobolo (wato zoɓo) da lamurji daga kicin zuwa falo a lokacin buɗa baki, tire bayan tire, har wata rana tulun gilashi ya kuɓuce mini a bakin ƙofa. Ina son in mallaki ɗan teburin nan mai taya da hawa biyu, ko kuma kabad na ajiye kofuna da filas. Don Allah duk wanda ya taɓa amfani da irinsu ya faɗa mini abin da ya gani.

Wata Hajiya, daga Asawase:
Wa alaikumus salam, 'yata. Na sayi irin teburin da kike nufi shekara 3 da suka wuce, fari tas mai hannu ruwan zinare, kuma ranar sunan jikata babu wadda ta shigo ba ta yaba ba. Abin da ban sani ba shi ne garin katako ne aka matse, aka lulluɓe shi da wata leda mai sheƙi. Kwalbar da aka ciro daga firji tana zufa, zufar tana gangarowa ta kwanta a gindinta, daga nan ta sami kafa a gefen da ledar ta ɗan ɗaga. Kafin damina ta biyu ta wuce gefen ya kumbura kamar burodin da ya sha shayi, ƙusoshin tayar suka daina kamawa. Sobolo kuwa idan ya ɗiga a farin fenti aka bar shi ya kwana, jan nan sai a hankali. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin kuɗin adashina na zuba a kansa.

Wani kafinta, mai aiki a Sokoban:
Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Ƙanwata, ki tambayi sunan katakon kafin ki tambayi farashi. Katakon da ake kira wawa ba shi da nauyi kuma yana da araha, amma yana da laushi, ƙwaro da gara suna son sa, don haka ba na ba da shawararsa ga abin da zai riƙa haɗuwa da ruwa. Odum yana da tsada da nauyi, sai dai yana jure laima da gara, shi ya sa ake yin ƙofofi da shi. Ko odum ɗin ne, sai ki tabbatar ya bushe sosai. Na taɓa yi wa wani bawan Allah kabad da ɗanyen katako saboda yana gaggawar bikin 'yarsa, hunturu yana shigowa a watan Disamba ƙofofin suka karkace, na sake su da kuɗin aljihuna. A shimfiɗa gilashi ko tayil a saman, zufar kwalba ba za ta taɓa katakon ba.

Wata matar aure, daga Sabon Zongo:
Nawa na ƙarfe ne, maigida ya sa aka yi mana walda a Suame Magazine, unguwar makanikai da masu walda. Matsalar da muka fara samu ita ce taya. Gidan haya muke, dokin ƙofarmu yana da tudu, ƙananan tayoyin roba suka riƙa maƙalewa, shayi yana fantsama. Da aka canja su da manya, biyu daga ciki masu birki, sai aka huta. Birkin nan ya zama dole inda akwai yara, domin autana ya taɓa tura shi alhali filas ɗin ruwan zafi yana sama, Allah ne ya kiyaye. Yanzu filas da butar ataya a hawan ƙasa nake ajiye su, kofuna a sama.

Wani dattijo, daga Tafo:
Kabad mai gilashi da aka manna da bango yana yin fumfuna a damina. Mun ja namu kamar taƙi ɗaya daga bangon, an huda ramuka a bayansa, warin ya tafi.

Mai tambaya, daga Aboabo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na auna dokin ƙofarmu ɗazu, shi ma yana da tudu. Malam kafinta, idan na zaɓi odum mai hawa biyu da gilashi a sama, nauyinsa zai bari mace ɗaya ta tura shi da tulu 4 cike da sobolo, ko gara a yi ƙafafun da ƙarfe?