"Wanda ya ɗaure kura shi ya san yadda zai kwance ta": ta dace da masanan nukiliya?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Ina koyar da Hausa a sakandare, kuma ina son kawo wa ɗalibaina misali na zamani a kan wannan karin magana. Wanda ya zo mini a rai shi ne Joseph Rotblat, masanin kimiyya ɗan asalin Poland. Yana cikin waɗanda aka tara a Los Alamos ta Amurka don ƙera bam ɗin nukiliya, amma a ƙarshen 1944, da ya tabbata Jamus ba ta kusa ƙera nata ba, sai ya ajiye aikin ya koma Ingila. Sauran rayuwarsa ya ƙarar da ita wajen neman a kawar da makamin, har aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1995 tare da Pugwash, ƙungiyar masana masu neman a kawar da makaman nukiliya. Ni a ganina karin maganar ta zauna daram. Me kuka gani?

Baba Sidi: Wa alaikumus salam. Malam, ban yarda ba. Ɗaure kura aikin jarumta ne, kamar yadda gardawa ke sa mata takunkumi su zaga gari da ita. Waɗannan mutane kwance ta suka yi, suka sake ta a kan Hiroshima ran 6 ga Agusta 1945, bayan kwana uku a kan Nagasaki. Abin da ya dace da su shi ne "ihu bayan hari".

Hajiya Lami: Baba, a yi haƙuri, ihun wasunsu ya riga harin. A watan Yuli 1945 masanin kimiyya Leo Szilard ya tara sa hannun masana 70 daga cikin ma'aikatan aikin, suna roƙon Shugaba Truman kada a jefa bam ɗin kafin a bayyana wa Japan sharuɗɗan miƙa wuya a ba ta dama. Ba a saurare su ba. Wanda ya yi kururuwa ba a ji shi ba, ai ba a ce masa ya makara.

Baba Sidi: Na karɓa, 'yata, a kan waɗannan. Amma sauran fa?

Malam Habu: Baba, ni inda na fi tsayawa shi ne kalmar "ya san". A 1954 Amurka ta yi gwajin bam a tsibiran Bikini da ke tekun Pasifik, tokar ta zubo kan wani jirgin masunta na Japan. Daga bayanan wannan toka Rotblat ya lissafo irin bam ɗin da aka tayar, ya nuna cewa gubarsa ta fi yadda aka faɗa wa jama'a nesa ba kusa ba. Ɗan siyasa ba zai iya wannan ba. Haka a 1955 ya sa hannu, cikin mutum 11, a sanarwar gargaɗi kan yaƙin nukiliya ta masana Bertrand Russell da Albert Einstein, wadda Einstein ya amince da ita kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa. A 1957 kuma masana 22, har da na Amurka da Tarayyar Sobiyat, suka zauna a ƙauyen Pugwash na Kanada, a lokacin da gwamnatocinsu ke zaman doya da manja. Sun iya tattaunawa ne saboda kowannensu ya san ƙullin igiyar.

Yaya Zainabu: Malam, ka ɗauki "ya san" a matsayin yabon gwaninta. Ni a gidanmu ba haka ake faɗinta ba. Kakata takan faɗe ta ne idan wani ya jawo rigima ya zo neman a taya shi, wato matsalarka ce, kai ka ƙulla, kai za ka warware. Kusan daidai take da "kowa ya ɗebo da zafi bakinsa". Nauyi take ɗorawa. Kuma ta wannan fuskar ma ta fi kama su. Dubi Andrei Sakharov: shi ne kan gaba wajen ƙera bam ɗin haidurojin na Sobiyat, daga baya ya tsaya kai da fata a daina gwaji a sararin sama. Ya sami Nobel a 1975, a 1980 gwamnatinsa ta tsare shi a birnin Gorky. Mutum ne da ya ji cewa bashin a wuyansa yake.

Ɗan Agadas: Ku bari in sa baki, don abin ya shafe mu. Ran 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin saharar Aljeriya, arewa da mu, ta inda iskar hunturu ke biyowa. Bayan gwaji na uku Najeriya ta kori jakadan Faransa a Janairu 1961. A 1963 aka sa hannu a Mosko kan yarjejeniyar hana gwaji a sama da cikin ruwa, wadda irin su Sakharov da masanin Amurka Linus Pauling suka daɗe suna fafutika a kai, amma Faransa ba ta shiga ba. To ina amfanin sanin kwancewa idan igiyar tana hannun wani? Karin maganar ta ɗauka mai ɗaurewa da mai iko mutum ɗaya ne. Nan kuwa masani daban, mai ba da umarni daban. Wannan ne ke ci mini rai.

Hajiya Lami: Gaskiya ne, kuma shi ya sa nake ganin kimar abin da Rotblat ya yi tun farko. Ikon da yake da shi a hannunsa kawai shi ne ya janye hannunsa, ya kuwa janye. Ya koma binciken amfani da haskoki wajen magani a asibitin St Bartholomew's na Landan.

Malam Habu: Na gode. Yaya Zainabu, kin canza mini darasin. Fassarar kakarki zan fara kawowa, sannan tawa. Tambayar Ɗan Agadas kuma zan rubuta ta a allo su yi muhawara a kai. Baba Sidi, a wajenku yaya ake faɗin ta, "wanda ya ɗaure" ko "kowa ya ɗaure"?

Baba Sidi: "Kowa ya ɗaure kura" muka taso muna ji. Ka rubuta musu duka biyun.