Muhawara: Masoya ne suka fito da Snyder Cut, ko asusun bogi?

Nura: Jama'a, ni har gobe ina kan bakana. Kiraye-kirayen da aka shafe shekaru ana yi na a saki fim ɗin Justice League yadda darakta Zack Snyder ya tsara shi, wato Snyder Cut, ba yadda aka fitar da shi a 2017 ba, yawancinsu aikin bot ne, wato asusun bogi da na'ura ke sarrafawa. A watan Yulin 2022 mujallar Rolling Stone ta fasa ƙwai, ta ce binciken da kamfanin WarnerMedia, mai fim ɗin, ya sa aka yi ya gano aƙalla kashi 13 cikin 100 na asusun da ke cikin maganar na bogi ne, alhali abin da aka saba gani a batun da ke tashe kashi 3 zuwa 5 ne. A kan wannan hayaniyar aka kashe kimanin dala miliyan 70 don kammala fim mai tsawon awa huɗu.

Hauwa: Yaya Nura, lissafin da ka kawo shi ne ya rushe maganarka. Kashi 13 ba shi ne "yawanci" ba. Mutane masu jini a jika ne suka haɗa kuɗi a 2019 suka ɗauki hayar jirgin sama ya ja ƙyalle a saman San Diego lokacin taron Comic-Con na masoya finafinai da littattafan zane, suka kuma sayi allon talla a dandalin Times Square na New York. Abin da ya fi taɓa ni shi ne fiye da dala rabin miliyan da suka tara wa gidauniyar AFSP mai yaƙi da kashe kai a Amurka. Sun yi haka ne saboda 'yar Snyder, Autumn, wadda ta rasu ta wannan hanyar a Maris 2017, rasuwar da ta sa ya ajiye aikin fim ɗin aka miƙa wa darakta Joss Whedon. Wanda ya cire kuɗi daga aljihunsa don wannan, bai cancanci a kira shi na'ura ba.

Nura: "Aƙalla" suka ce, ƙanwata. Kuma asusun bogi kaɗan sun isa su tura maudu'i sama har mutanen kirki su gani su bi sahu.

Malam Bashir: Nura, ka duba wanda ya biya kuɗin binciken. Kamfanin da fim ɗinsa na 2017 ya kunyata shi ne, kuma a lokacin yana fama da zargin da Ray Fisher, wanda ya fito a Cyborg, ya yi wa Whedon a Yulin 2020 na wulaƙanta ma'aikata a wurin ɗaukar fim. Yawancin majiyoyin labarin ba a faɗi sunansu ba. Snyder ya musanta, ya ce in ma akwai mai jan akalar hayaniyar to Warner ce, don ta samo wa sabuwar manhajarta ta kallon finafinai, HBO Max, masu biyan kuɗi. Ban ce ɗan jarida ba zai ɓoye majiya ba, amma mai karatu yana da haƙƙin ya tambayi wa zai amfana.

Zainab: Malam, na yarda da kai a nan, sai dai ina jin zafin yadda kuke tsallake cin mutuncin. Ko babu bot guda ɗaya, an zagi 'yan jarida da masu sharhin fim, an bi shugabannin kamfanin da barazana, har Ann Sarnoff, shugabar Warner Bros. a lokacin, ta fito a mujallar Variety a Maris 2021 ta yi tir da abin. A cikin watan na Maris wasu suka dira kan fim ɗin Warner na Godzilla vs. Kong a shafin tantance finafinai na IMDb suna ba shi tauraro ɗaya, fim ɗin da bai tsare musu komai ba. Sadakar da aka bayar ba ta goge wannan.

Hauwa: Ba ta goge ba, Anti Zainab, kuma ban taɓa kare masu zagi ba. Abin da na ƙi shi ne a shafa wa kowa laifinsu.

Sadiq: Ni ina ganin duk kun ba hashtag ɗin #ReleaseTheSnyderCut girman da ba shi da shi. An sanar da za a saki Snyder Cut ranar 20 ga Mayun 2020, HBO Max ta buɗe ranar 27, korona ta rufe sinimomi ta tsayar da ɗaukar finafinai. Kamfani yana neman kaya, ga fim ajiye a kwamfuta. Bayan fitowarsa ranar 18 ga Maris 2021 masoyan sun sake tayar da ƙura a ci gaba da shirin Snyder, ba a kula su ba, aka damƙa finafinan DC, gidan jaruman Justice League, a hannun James Gunn da Peter Safran a Oktoban 2022.

Hauwa: Sadiq, tun kafin korona aka fara maganar. Ranar 17 ga Nuwamban 2019, da fim ɗin 2017 ya cika shekara biyu, jarumansa Ben Affleck da Gal Gadot suka wallafa hashtag ɗin da asusunsu, washegari Toby Emmerich, shugaban sashen finafinai na Warner a lokacin, ya kira Snyder. Manhaja ta buƙaci kaya, na yarda, amma finafinai nawa ne ke ajiye ba wanda ya waiwaye su? Wannan aka ɗauko saboda an san akwai masu jiransa.

Nura: To su waye suka sa Emmerich ya ga yawan masu jiran? A nan kashi 13 ɗin nan yake da aiki, kuma har yanzu babu wanda ya amsa mini wannan.